Mai Teku Ta Tafi, Tekunta Bai Bi Ta Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, goma sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata a kasuwa, wadda duk layinmu ya sani da Mai Teku, bayan jinyar da ta ɓoye mana har sai da ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ita ce mai shagon kifin ado na ruwan gishiri da ke manne da shagona na agogo da batir. Ta rasu ta bar miji, da 'ya'ya mata biyu, da jikoki, da wani tankin gilashi mai tsawon gadon kwana, wanda rabin wannan rubutu a kansa zai ƙare.

Amma kafin in zo kanta, adalci ya sa in fara da yabon waɗanda suka fi ta. A kasuwarmu muna da manyan gwanaye, Allah Ya ƙara musu girma, mutanen da suka san darajar sana'a har ba sa yarda ta ƙazantu da hannun wani. Gwani na gaske idan zai haɗa abu, sai ya aiki duk wanda ke kusa sayen ruwan sanyi. Idan ka tambaye shi yaya aka yi, sai ya yi murmushi ya ce abin a jini yake. Irin wannan bawan Allah ranar da ya faɗi, a ranar shagonsa ke faɗuwa, iyalinsa su yi kuka biyu, jama'a su taru suna girgiza kai suna cewa ba za a ƙara yin irinsa ba. Kuma gaskiyarsu, ba za a ƙara ba, domin ya tsaya tsayin daka ya tabbatar da hakan tun yana da rai. Wannan ita ce mutuwar girma a wurinmu. Mai Teku ba ta samu irinta ba, kuma da gangan ta ƙi ta.

Yaya, haka na saba kiranki kuma haka zan ci gaba. Na tuna zuwanki layinmu da ƙananan kifayen ruwan daɗi a cikin kwalabe, irin waɗanda ake saya wa yara su kashe su da yawan abinci. Ba wanda ya ɗauke ki da muhimmanci. Sai wani mai sayen kayanki da zai bar ƙasar ya sauke miki tankinsa na ruwan gishiri, da kifayensa masu launi kamar an yi musu fenti, ya ce ki yi yadda kika ga dama. Kafin wata ya ƙare babu abin da ke motsi a ciki. Kin rufe ƙofa kin sha kukanki, bangon da ke tsakaninmu na katako ne don haka kada ki ce ban ji ba, sannan kika fito da jajayen idanu kika ce min ba kifin kika kashe ba, ruwan kika kashe, kifin bin sa suka yi. Daga ranar duk wanda ya tambaye ki sana'arki sai ki ce ruwa kike kiwo, kifi 'yan haya ne.

Saboda wanda bai taɓa shiga shagonki ba, bari in faɗi abin da na tsinta ta bangon katakon nan. Ruwan teku a cikin gilashi a kan abu uku yake rayuwa. Na farko gishiri, wanda ba a so ya yi sama ko ƙasa da talatin da biyar a ma'auninsu. Na biyu tsami, abin da 'yan boko ke kira pH. Na uku shi ne wanda kika raɗa wa suna kanwar ruwa, wato sinadarin da ke tare tsami kada ya yi yawa, kuma shi murjani ke ci ya gina ƙashinsa. Murjanin nan ba wanda mata ke ratayawa a wuya ba, wancan ƙashin ne kawai. Wannan mai rai ne, yana da rassa kamar itace da ƙananan bakuna kamar fure, idan ya ji daɗi ya buɗe, idan ransa ya ɓaci ya tsuke ya yi fari. Kullum yana cin kanwar, kullum sai an auna an mayar masa da abin da ya ci. Awon kuwa da hannu ake yi. A ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a riƙa ɗiga magani ana girgizawa har launin ya juya daga kore zuwa ja-ja, sai a ƙirga ɗigon. Shekara da shekaru haka na gan ki kowace safiya, kin ɗaga kwalba saitin haske kin kanne ido ɗaya kamar mai neman aibu a zoben zinariya.

Alherinki ba irin na masu raba abu a gaban kyamara ba ne, wani lokacin ma sai mutum ya kwana biyu kafin ya gane alheri aka yi masa. Na tuna wani babban mutum da ya zo da mota mai baƙin gilashi, ya nuna kifayen da suka fi kowanne tsada ya ce a zuba masa. Kika tambaye shi yaushe ya haɗa tankinsa, ya ce jiya. Kika ce ya je ya dawo idan ruwan ya nuna, kika ba shi dutse guda da jarkar ruwa, kika raka shi har mota. Ya tafi yana huci, ni kuma na bi cinikin da kallo har ya sha kwana, zuciyata tana min ciwo a madadinki. Yau mutumin nan ko abincin kifi ba ya saye a wani wuri, kuma ranar jana'izarki sai da aka riƙe shi. Duk wanda ya kawo ruwansa a kwalba kin auna masa kyauta, ko da a shagon mai gasa da ke ya sayi kifin. Babban murjaninki kuwa, wanda muke kira Tsohuwa, da kika raina tun yana kamar kan ɗan yatsa har ya kai faɗin babban faranti, ba ki taɓa yin rowarsa ba. Kina ɓallar reshe ki ba duk wanda kika ga zai iya riƙewa. Na taɓa ce miki jarinki kike rabawa, kika ce idan naki ya mutu kina so ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

A ƙarshen layinmu akwai dattijon da ya riga ki shiga wannan sana'a, ɗaya daga cikin gwanayen da na yaba a sama. Mai Harshe muke ce masa, domin shi ba ya awo. Yatsa yake tsomawa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai sauraron labari daga nesa, sannan ya yanke hukunci. Ba zan zalunce shi ba, ya san kifi. Kuma idan nasa suka mutu nan take yake gano dalili, ko bakin mutane ne, ko mugun iri aka kawo masa, ko mai sayen ne hannunsa ba shi da kyau. Harshen dai bai taɓa kuskure ba.

Sai kuma mijinki, Direba, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa motar haya har gwiwa ta ce masa ya isa, ya dawo yana zama a bencin ƙofar shagonki yana ɗaukar miki jarkoki. Mutum ne mai haƙuri da ƙarancin magana, ga shi da wata larura da ba kowa ya sani ba, idonsa ba ya raba kore da ja. Da na tambaye shi yadda ya yi shekarun nan da fitilar kan titi, sai ya ce ai ta sama tsaya ce, ta ƙasa wuce, wanda ya tsara ta ya san da irinsu. Amma kwalbar awo ba ta da sama da ƙasa. Kin sha gwada koya masa, yana ta ɗiga magani har kwalbar ta kusa cika yana jiran canjin da tuni ya wuce, ke kina dariya har da riƙe ciki, shi yana rantsuwa ruwan nan tun ɗazu launin ƙasa ne. Kowa a layin ya san Direba ba zai taɓa iya riƙe teku ba. Shi ma ya sani, kuma bai dame shi ba, tunda kina nan.

Bara war haka kika shigo da na'urar. Akwati ne da bai fi rediyo girma ba, da siraran robobi kamar na ƙarin ruwa a asibiti, da wasu sanduna biyu da ake tsomawa cikin tanki. Ɗaya na karanta gishiri, ɗaya na karanta tsami, ba hutu. Akwatin kuma da kansa yake zuƙar ruwa safe da yamma, ya ɗiga maganinsa, ya duba launi da idonsa na ciki, yana 'yar ƙara kamar keken ɗinki, sannan ya aika lamba zuwa waya. Idan kanwa ta yi ƙasa ya umarci wani ɗan famfo ya ƙara. Layinmu ya samu abin dariya. Aka ce Mai Teku ta ɗauki ma'aikacin da ba ya gaisuwa kuma ba ya neman izinin zuwa biki. Mai Harshe ya taka da kansa ya zagaya akwatin, ya ce a zamaninsu mutum ne ke sanin ruwa, yanzu kuma an koma tambayar rediyo. Kika ce masa, "Baba, ai shi ya sa na saye shi. Ba shi da zamani, kuma idan ya yi kuskure ba ya jin kunyar a gyara shi." Ni dai ɗan kasuwa ne, na taya masu dariya dariya, na kuma sayar miki da batirin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta.

Na'urar nan da tona asirinmu ta fara. Shagonki akwai sanyi, don haka idan rana ta take nan 'yan layi ke taruwa, a rufe ƙofa a ɗauko mutane ɗaya bayan ɗaya a yi musu wankin babban bargo. Ba a jima ba kika nuna mana a waya cewa kullum a daidai lokacin zamanmu tsamin ruwa ke ƙaruwa, saboda numfashin mutane da yawa a rufaffen ɗaki yana shiga ruwa. Kika ce tun da daɗewa kina zargin gulmarmu tana sa abubuwa tsami, yanzu kin samu mai ba da shaida. Ba ki kore mu ba. Taga kika sa aka fasa a bangon baya, muka ci gaba da zama.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, ba wayarki kaɗai kika haɗa da akwatin ba, har da ta Direba. Kuma tun daga lokacin kika daina taɓa komai da hannunki. Kina zaune a kujera kina ba da umarni, shi yana yi, mu muna cewa Yaya ta zama manaja. Lamba ba ta da launi, don haka a karon farko Direba ya ga abin da kike gani. A bayan shagon akwai duro biyu, na ruwan daɗi mai koren murfi da na haɗin gishiri mai jan murfi, sai kika ɗaura igiya mai ƙulli a hannun na ruwan daɗin don kada ya dogara da murfi. Kika sa shi maimaita wata magana har ta zauna masa kamar karatun yara: ruwa yana tashi sama ya bar gishiri a ƙasa, don haka abin da ya ƙafe da ruwan daɗi ake cike shi. Kika koya masa cewa na'ura ma tana ƙarya idan an sake mata, sai an riƙa tsoma sandarta cikin wani ruwa na musamman da ke 'yar kwalba, wanda an riga an san gishirinsa talatin da biyar ne cif. Idan ta faɗi haka, a yarda da ita. Idan ta faɗi wani abu daban, a saita ta. Har ni kika jawo cikin darasin, kika ce ya dubi maƙwabci, agogo cike da bango amma kowace safiya sai ya saita su da guda ɗaya da ya amince da shi. Na ji daɗin misalin, ko da yake rabin nawa ba sa tafiya.

Wata rana na ji muryarku ta bango. Direba ya gaji, ya ce shi fa bai ga amfanin wannan wahala ba alhali ga ki a zaune. Kika ce, "Maigida, ka taɓa fita doguwar tafiya babu tayar ko-ta-kwana a bayan mota?" Ya ce bai taɓa ba. Kika ce, "To kai ne tawa. Tashi ka wanke sandar nan." Na yi dariya ta bayan katako. Ashe a lokacin likita ya riga ya gaya miki abin da ya gaya miki, kuma daga ke sai Allah sai babbar 'yarki.

Ranar da na je duba ki a asibiti ban iya kallonki sosai ba, kin koma kamar rabinki. Na fara jero addu'o'in da ake jerowa, kika amsa biyu, sannan kika juya wajen mijinki kika ce kanwa nawa yau. Ya duba waya ya ce takwas. Kika tambaye shi yaushe rabonsa da gwada sandar gishiri, ya faɗa miki. Kika lumshe ido kina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da haihuwa. Wannan ne ganina da ke na ƙarshe.

Yanzu bari in ba ki labarin abin da ya faru bayanki, domin na san da za a ba ki damar tambaya ɗaya, ba mu za ki tambaya ba, Tsohuwa za ki tambaya.

Da kika rasu Direba ya zama kamar an zare masa laka. Wayarsa ta dame shi da kiran masu gaisuwa, 'yarku ta karɓe ta, ta kashe mata murya ta jefa a jaka. Mabuɗin shago ya koma hannun ƙanenki, wanda duk muke kira Kawu saboda yaranki, mutumin kirki mai son a ga ya taimaka. Kullum yana zuwa ya ba kifi abinci, ya share, ya yi duk abin da ya ga ya dace.

Kafin mako ya zagayo Tsohuwa ta fara tsukewa. Bakunanta suka rufe, gefen rassanta ya fara dusashewa. Mai Harshe, wanda lokacin da kike raye bai cika taka shagonki ba, ya zama kullum yana nan yana yi wa gilashi ta'aziyya. Shi ya fassara wa Kawu abin da ke faruwa. Ya ce teku ya san mai shi ta tafi, irin wannan ruwa hannu ɗaya yake sani, ba a gadonsa. Ya ce don zumunci zai kwashe abin da ya rage zuwa shagonsa kafin a yi asarar duka, a sayar da gilashin, a saki shagon, Direba ya koma gida ya huta. Maganar ta zagaya layi kuma ta yi wa mutane daɗi, domin ta yi daidai da yadda muka saba ganin mutuwar gwani. Har wasu na cewa wannan ya nuna ke ɗin ta gaske ce. Kawu ya kai maganar gida, dangi suka ga akwai hankali a ciki. Aka tsayar washegari za a kwashe.

Ina zaune kusa da Direba a gidanku da hantsi, ana gobe za a kwashe, cikin masu gaisuwa, lokacin da 'yarku ta miƙo masa wayarsa don ya kira wani ɗan'uwa. Yana dubawa sai ga saƙonni jere, duk daga wuri ɗaya. Ma'aikacin nan da ba ya gaisuwa shi kaɗai ne bai yi masa ta'aziyya ba, tun kwanaki yake ta nanata abu guda, gishiri na hawa. Talatin da shida, da bakwai, yanzu ya haura da takwas. Direba ya sa wayar a aljihu ya nemi takalmansa. Wata gwaggonku ta ce ina zai je ana zaman makoki. Ya ce, "Aike ta bar min." Na bi shi, Kawu ya biyo mu da mabuɗi.

Muka tarar da Mai Harshe a ƙofar shago da bokitansa, ya kawo su tun yau don kada gobe a yi wahala. 'Yan layi suka taru, don a kasuwa ba a gayyata. Direba ya nuna masa lambar. Dattijon ya yi murmushin tausayi, ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. 

"Gishiri daidai yake," in ji shi. "Ɗana, rediyon nan naka ne ya rikice. Shi ma makoki yake yi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Yaya, a nan ne na ɗauka magana ta ƙare, domin na san mijinki, bai taɓa musu da babba ba, ko fasinja ne ya zage shi shi ke ba da haƙuri. Ga dattijo da ya tsufa a sana'a, ga jama'a, ga Kawu yana gyaɗa kai, shi kuma ba shi da kowa sai akwati. Da ya ce to, da shi ke nan, da yanzu ana sayar da takalma a shagonki. Amma bai ce to ba. Ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin tanki ya ɗauko 'yar kwalbar nan, ya zaro sandar gishiri, ya wanke ta, ya goge, ya tsoma a ciki. Ya ajiye wayar a kan teburin ciniki inda kowa zai gani. Lambar ta sauko a hankali ta tsaya a talatin da biyar, ta ƙi motsi. Ya mayar da sandar cikin tanki, ta hau ta koma inda take.

"Bai rikice ba, Baba," ya ce.

Sai na ga leɓensa na motsi, yana karanta abin da kika sa shi ya haddace. Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya jawo jarkar da wani famfo na biyu ke zuƙa yana cike wa tanki abin da ya ƙafe, ya buɗe, ya ɗebo a kofi. Ya miƙe ya miƙa wa dattijon da hannu biyu, cikin ladabi, kuma na rantse babu izgili a fuskarsa.

"Baba, kai ne mai harshe. Wannan ya kamata ya zama ruwan sha. Taimaka ka duba mana."

Ba shi da hanyar ƙi a gaban mutane. Ya kurɓa da gaba gaɗi, sai fuska ta yamutse, ya yi ƙofa da sauri ya fesar a bakin kwata. Wannan karon harshen ya faɗi gaskiya tun kafin mai shi ya ba shi izini.

Kawu ya dafe kai. Ya ce shi ne, ya ga jarkar ta kusa ƙarewa, ya shiga baya ya tarar da duro biyu, ya yi tunani irin na masu hankali, ya ce kifin teku ai sai ruwan teku, ya cika ta har baki. Tun ranar ruwa na tashi, famfon jarkar na ɗora gishiri a kan gishiri. Ya ruga zai kinkimo duron ruwan daɗi ya juye gaba ɗaya don ya gyara ɓarnarsa, Direba ya tare shi a ƙofa.

"Kawu, a kwanaki ya hau, a kwanaki zai sauka. Idan ka taka burki lokaci ɗaya, fasinja ne ke fita ta gilashi."

Bai zarge shi da komai ba. Ya ce igiyar nan shi kaɗai aka koya wa karanta ta, kuma daga yau an daina. A gabanmu ya sa aka rubuta suna a jikin kowane duro da manyan baƙaƙe, ya sa ƙaramar 'yarku ta haɗa wayarta da ta Kawu da akwatin. Sannan ya canja ruwan jarkar, ya ɗebe bokiti guda daga tanki, ya riƙa mayar da ruwan duro mai igiya kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya duba bencinsa na ƙofa, ya duba kujerarki, ya zauna a kujerar. Ba wanda ya ƙara yin maganar washegari. Bokitan dattijo yadda suka zo haka suka koma.

Kowace safiya lambar tana saukowa kaɗan. Labari ya bazu, sai ga mutanen da kika ba rassa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ɗan reshen Tsohuwa a leda cike da ruwa, wai ko za a buƙata. Har mai baƙin gilashi ya zo da nasa a hannu, bai aiko ba. Ashe ƙofofin da kika ce za ki ƙwanƙwasa su suka zo suna ƙwanƙwasa taki. Ba a buƙata ba. Reshe ɗaya ne ya yi fari, Direba ya yanke shi. Ranar Asabar da ta wuce ina buɗe shago na ji Direba yana buga katako, yana cewa maƙwabci zo ka gani. Na shiga na tarar Tsohuwa ta buɗe gaba ɗaya, kowane ɗan baki yana kaɗawa cikin ruwa kamar gona idan iska ta bi ta kanta. Muka tsaya muna kallo. Can ya tambaye ni wane launi ce yau. Na ce kore shar, bakin rassan ja-ja. Ya ce haka kike gaya masa. Na koma shagona don na tuna ina da abin yi, shi ma na san yana da nasa.

Shekaranjiya na ga Mai Harshe ya shigo da 'yar kwalba a aljihu, ya ce ruwan wani abokinsa ne, a taimaka a nuna wa rediyo. Direba ya auna masa kyauta kamar yadda kike yi, kuma bai tambayi sunan abokin ba.

Yaya, kin ci nasara, kuma kin ci ta kina kwance. Allah Ya jiƙanki da rahamarSa, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara. Allah Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa duk ruwan da kika auna wa mutane kyauta da duk reshen da kika bayar su same ki a mizani, Ya shayar da ke daga Alkausara, ruwan da ba ya buƙatar awo. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Direba, Allah Ya ba shi haƙuri da ƙarfin gwiwa, na zuciya da na ƙafa. Ga 'ya'yanki biyu da jikokinki, Allah Ya albarkace su Ya sa su gaji buɗaɗɗen hannunki. Ga Kawu, wanda yanzu ya fi kowa sanin bambancin duro da duro, da sauran dangi, da dukan 'yan layinmu da har yau ke zuwa shan sanyi suna sa ruwa tsami. Idan tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani.

Abu ɗaya ya rage min. Har yanzu a layinmu akwai masu ƙorafi a ɓoye cewa mutuwarki ba ta yi armashi ba. Shago a buɗe, akwati na ta ɗinkinsa safe da yamma, ko kifi ɗaya bai bi ki ba. Jiya ma wani ya raɗa min cewa wataƙila dama ba ki kai yadda ake zuzuta ki ba, tunda ga direba ma yana yi. Shi ya sa na kawo maganar nan gabanku. Ku da kuka fi ni sani, kifi nawa ya kamata su mutu kafin a yarda mutum ya iya sana'arsa?